Tsakanin Hawa da Gangara: Darasin Giraf a Wani Zaure na Gwarzo

A shekarar da na kammala digirina na biyu a fannin Hausa, ƙanwata, autar ɗakinmu, ta zauna jarrabawar WAEC da ta NECO, kuma a dukkansu lissafi ne ya kayar da ita. Burinta tun tana ƙarama shi ne ta karanci aikin ungozoma, amma babu makarantar jinya da za ta dubi takardunta matuƙar ba ta da kiredit a lissafi. Mahaifinmu ya yi shiru na kwanaki, sannan ya ce zai sake biya mata sau ɗaya tak. In an dace, alhamdu lillahi. In ba a dace ba, to, ga masu neman aure suna ta sallama. Bai faɗi haka da faɗa ba, kuma ba mu ga laifinsa ba, domin mun san abin da ya sayar kafin ya haɗa kuɗin farko.

Ni ne aka ɗora wa nauyin yi mata bita. A gida irin namu, duk wanda ya je jami'a ana ɗauka ya san komai, ba a bambanta mai nazarin tasarifi da mai nazarin lissafi. Na karɓi aikin da ƙarfin gwiwa, saboda kundin da na rubuta a kan ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ne, kuma a cikinsa na yi iƙirarin da kusan kowane ɗalibin Hausa yake yi, wato babu ilimin da ba za a iya koyar da shi da Hausa ba. Har yau ina kan wannan ra'ayi. Sai dai watannin da na yi ina barin Kano kowace Juma'a, in bi ta Rimin Gado in isa Gwarzo, in zauna da Auta da ƙawayenta biyu a zauren gidanmu, sun nuna mini cewa na yi iƙirarin ne tun ban san nauyinsa ba.

Babin da ya tona mini asiri shi ne na miƙaƙƙen layi. Ga mai karatun da ya daɗe da rabuwa da lissafin sakandare, ga yadda abin yake. Akan shata layuka biyu a takardar giraf, ɗaya a kwance ana kiransa layin x, ɗaya a tsaye ana kiransa layin y, su haɗu a sifili. Sai a ba ɗalibi jumlar lissafi mai siffar y = mx + c, alal misali y = 2x + 1. Idan x sifili ne, y zai zama 1. Idan x ɗaya ne, y zai zama 3. Idan biyu ne, 5. A ɗiga waɗannan a takarda, a aza rula, sai miƙaƙƙen layi ya fito. Wannan dabara ta mayar da jumlar lissafi zane ana danganta ta da René Descartes na Faransa, wanda ya wallafa littafinsa a kanta a 1637. Ita kuwa kalmar aljabara ta fito ne daga sunan littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9.

Auta ba ta da matsala da zane. Takan fiƙe fensirinta, ta tsara jadawalin x da y, ta kiyaye ma'aunin da aka umarta, santimita 2 ga kowane ɗaya, ta ja layi tsaf kamar na maɗaba'a. Wata rana bayan ta gama zana y = 2x + 1, sai na tambaye ta, "To, wannan 2 ɗin me yake gaya mana?" Ta dube ni ta ce, "Yaya, ai ba a tambayarmu wannan." Alhali ana tambaya. Takardar zaɓi ta WAEC tambayoyi 50 ce, ta biyu kuma 13 ce a amsa 10, kuma duk wanda ya duba tambayoyin shekarun baya zai ga ana neman ɗalibi ya fitar da m daga ɗigo biyu, ko ya faɗi inda layi ya ratsa layin y, ko inda layuka biyu suka haɗu. Ta iya rubuta jumlar, amma ba ta iya karanta ta ba, kamar yaron da ya iya kwafar allo da kyakkyawan hannu bai san abin da ya rubuta ba.

A nan ne na ga damar gwada sana'ata. Sunan da littafinsu ya ba m, ɗalibai suna furta shi "silof" ko "giradiyan", kuma babu ɗaya daga cikin su ukun da ta iya gaya mini ma'anarsa. Ban ɓata lokaci ba na ce musu sunansa da Hausa "gangara". Na ji daɗin kaina ƙwarai. Kalma ce ta asali, ba ta aro ba, gajera ce, kowa ya san ta, ta cika duk sharuɗɗan da na jera a babi na biyu na kundina.

Mako na zagayowa na ba su ɗigo biyu, (1, 3) da (3, 7), na ce su nemo gangarar layin da ya haɗa su. Auta ta ɗebe 3 daga 7 ta sami 4, ta ɗebe 1 daga 3 ta sami 2, ta raba ta sami 2, wanda shi ne daidai. Sannan, ina kallo, ta koma ta sa masa alamar ɗebewa a gaba, ya zama −2. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ai kai ka ce gangara ce, Yaya. Abin da yake gangarawa kuwa raguwa yake yi." Ƙawarta ta ƙara da cewa ita a ganinta wannan layi ba shi da gangara sam, hawa yake yi.

Gaskiyarsu. Kalmar Ingilishin ba ruwanta da inda aka dosa, alamar da ke gaban lambar ce take nuna ko sama aka yi ko ƙasa. Hausa kuwa ta raba abin biyu, ta ba kowane sunansa. Hanya ɗaya ce, mai zuwa ya kira ta hawa, mai dawowa ya kira ta gangara. Na ɗauki sunan rabi na ba duka, kuma da hannuna na koya wa yarinyar kuskuren da a da ba ta yi. Abin da kawai na tsira da shi a ranar shi ne na gane akwai wata ƙa'ida da littafin bai damu ya faɗa ba, wato daga hagu zuwa dama ake karanta giraf. Idan ba a kafa wannan ba, kowane layi yana iya zama hawa, yana iya zama gangara. Yaran da suka fara karatu da allo, daga dama zuwa hagu, sun cancanci a gaya musu haka ƙarara.

Na koma Kano na buɗe Bargery da Abraham da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na dawo da kalma ta biyu: "karkata". Wannan kam ba ta nuna sama ko ƙasa. Na zana musu layuka biyu, y = 5x wanda ya kusa miƙewa tsaye, da y = ½x wanda ya kusa kwanciya, na ce wanne ya fi karkata? Amsar da lissafi yake nema ita ce na farko, domin 5 ya fi rabi. Su ukun suka nuna na biyu. Hujjarsu ba ta da makusa: garun da ya kusa kwanciya shi ya fi karkacewa. Ashe Bahaushe daga tsaye yake auna karkata, domin abin da ya kamata ya tsaya shi ake cewa ya karkace, kamar bango ko turke ko hula. Lissafi kuwa daga kwance yake fara awonsa. Ita ma wannan kalma ta juya musu ma'anar baibai. Game da c, wato wurin da layi ya yanki layin y, na bi ƙa'idar tasarifi ta sunan wuri na ce "mayanka". Dariyar da suka yi har mahaifiyarmu sai da ta leƙo daga cikin gida.

Mafita ta zo ne daga inda ban nema ba. Wata Asabar mahaifiyarmu ta aike mu Kabo, ni da Auta, mu gaida kawunmu da kakarmu. Kawu ɗan hatsi ne, karatun allo kaɗai ya yi. Mun same shi yana shirin kai kaya kasuwa, yana shawara tsakanin masu mota biyu. Zan daidaita alƙaluman kamar yadda muka yi daga baya don su shiga takarda. Na farko yana karɓar naira 500 kuɗin tashi, sannan 300 a kan kowane buhu. Na biyu kuɗin tashinsa 1,100, amma 200 yake karɓa a kan kowane buhu. Na tambayi Kawu wanne ya fi sauƙi. Ya ce, "Malam na jami'a, ai wannan ya danganta da kaya. In ba su kai shida ba, na farko. In sun haura shida, na biyu. A shida kuwa duk ɗaya ne, sai ka duba wanda motarsa ta fi lafiya."

Auta ta ciro biro ta rubuta a bayan wata takarda: y = 300x + 500, da y = 200x + 1,100. Ta sa 6 a kowace, duka suka ba ta 2,300. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ashe m ɗin nan 'kowane' ne." Ban gane ba sai da ta maimaita. Kuɗin kowane buhu. Duk buhu ɗaya da aka ƙara, ga abin da zai ƙaru. Da muka dawo gida ta zana layukan biyu a takarda ɗaya, suka haɗu daidai kan 6, kuma a karon farko na ga ta dubi giraf tana magana da shi: kafin mahaɗar, layin direba na farko ne a ƙasa, bayanta kuma na biyu. Wannan shi ne warware jumloli biyu ta hanyar zane, babin da a da take tsallakewa.

Ya kamata manazarta su lura da ajin kalmar da ta buɗe ƙofar. Ni suna nake ta nema, domin kalmar Ingilishin suna ce, kuma horon da na samu ya saba mini da musayar suna da suna. Abin da yarinyar ta kama kuwa ba suna ba ne, ɗan mafayyaci ne da Hausa take amfani da shi kullum wajen rabo da farashi: kowane kwano, kowace rana, kowane mutum. Ingilishi ya sanya wa abin suna daga kamannin zanen. Hausar kasuwa ta riga ta mallaki ma'anar da zanen yake wakilta. Na yi ta fassara hoton, na bar abin da aka ɗauki hoton dominsa.

Shi ma c Kawu ne ya ba mu sunansa cikin raha, da ya ce kuɗin tashi ai kafin alƙalami ne, ko buhu ɗaya ba ka ɗora ba sai ka biya. Yaran sun riƙe wannan nan take, domin ya gaya musu abin da ake bukata: c shi ne abin da ke nan lokacin da x yake sifili. Amma na riga na ji jiki, don haka na bincike ta kafin in amince. A wurin tela ko magini, kafin alƙalami akan cire shi daga jimillar kuɗin aiki, ba ƙari ba ne a kanta. Saboda haka muka bar ta a matsayin abin tuni, muka ɗauki "mafari" a matsayin suna.

Layi mai raguwa kuwa a gidan kakarmu muka same shi, a wani ƙauye da ke wajen Kabo. Bayan kaka an zuba mata dami 60 a rumbu, kuma gidan yana fitar da dami 2 kowane mako. Auta ta rubuta y = 60 − 2x. Mafari 60, kowane mako a rage 2. Ta ja layin ya sauko har ya taɓa layin x a kan 30. Na tambaye ta ma'anar wannan ɗigo, wanda a littafi ba shi da wani bayani face wurin da y ya zama sifili. Ta ce, "Ranar da rumbu zai ƙare." An rufe rumbun a farkon Disamba, mako 30 ya kai mu ƙarshen Yuni, sabon gero kuwa sai Satumba. Tazarar da ke tsakani, kimanin mako 10, ita ce lokacin da kowane manomi ya sani, lokacin da shuka ta yi kore shar amma tukunya ba ta da tabbas.

Daga wannan zane ɗaya muka fitar da abin da na kasa koyarwa cikin wata guda. Idan ana so hatsin ya kai mako 40, hanya biyu ce. Ko a rage ci zuwa dami ɗaya da rabi a mako, sai layin ya tashi daga 60 ɗin nan amma ya sassauta saukarsa. Ko a ƙaro dami 20, sai layin ya tashi daga 80 ya sauko kafaɗa da kafaɗa da na farko, ba za su taɓa haɗuwa ba. Ta farko canza m ce, ta biyu canza c. Idan kuma aka bar layin farko ya zarce ƙasa da sifili, a mako na 40 zai nuna −20, wato abin da za a saya ko a ranta. Da muka nuna wa kakarmu takardar, ta karɓa ta juya ta, ta miƙa wa Auta ta ce, "Kishiya, sai da kika ɓata takarda kika san wannan? Ni tun ranar da aka liƙe rumbun na sani."

Ba zan ɓoye iyakar wannan hanya ba. Rumbu ya fassara mana abin da ke ƙasa da sifili a layin y, amma bai iya fassara abin da ke hagu da sifili a layin x ba, domin babu mako na −2 a rayuwar rumbun. Jarrabawa kuwa takan ce a zana layi daga −2 zuwa 4, ba ruwanta da buhu ko dami. A nan dole ɗalibi ya saki misalin ya kama lambar tsurarta, kuma wannan sakin shi ne aljabara. Har ila yau, da Ingilishi za a yi tambayar, da shi za a amsa. Saboda haka muka raba shafin littafin Auta gida biyu, kalmar jarrabawa a hagu, bayaninta da Hausa a dama, kuma na haɗa ta da wani malamin lissafi na gaske wanda ya bi da ita tambayoyin shekarun baya ɗaya bayan ɗaya.

Wannan tsari na shafi biyu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne tsarin karatun zaure: nassi da Larabci, ma'ana da Hausa. Da Larabci Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya rubuta littafinsa a kan lissafin hatimi a 1732, kafin rasuwarsa a Alƙahira a 1741, kuma da Larabci aka rubuta littattafan rabon gado da malamanmu suke karantarwa da Hausa har gobe. Bambancin shi ne fassarar zaure ta daɗe tana bin bakunan malamai da almajirai har ta goge, kowace kalma ta zauna a gurbinta. Ajin lissafi na yau a Gwarzo da Kabo shi ma da harshe biyu yake tafiya, littafi da Ingilishi, bayani da Hausa, sai dai kowane malami da tasa fassarar, wadda ya ƙaga a tsaye gaban allo, kuma babu mai bin sawu ya ga abin da ta haifar a kan ɗalibi. Ni na ga abin da tawa ta haifar ne kawai domin ɗalibai uku gare ni, ɗaya kuma ƙanwata ce da ba ta jin nauyin ce mini na yi kuskure.

Ba a zauna haka nan ba, an yi aiki. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ba harshen uwa gurbi a farkon firamare. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da darussan firamare, har da lissafi, da Yarabanci tsawon shekara shida. Hukumar NERDC ta fitar da jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa. A namu fannin muna da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, wanda albarkacinsa muke nazarin harshe da adabi da Hausa har matakin digiri na uku. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, a Nuwamba 2025 kuma aka sanar da janye manufar. Da yawa daga cikinmu mun yi takaicin janyewar, ni ma na yi. Amma na tambayi kaina: da an miƙo mini aikin rubuta littafin lissafin a shekarar da na gama kundina, me zan rubuta? Da na rubuta "gangara", an buga ta dubbai, an raba wa makarantu.

Abin da nake roƙon abokan nazari shi ne mu ƙara sharaɗi ɗaya a kan waɗanda muke jerawa idan za mu ƙirƙiri kalma. Bayan mun tabbatar ta dace da tsarin sauti da tasarifi, kuma taron masana ya amince da ita, a kai ta aji, a ba ɗalibai aiki da ita, a duba irin kuskuren da take jawowa. Kalmar adabi idan ta ɗan kauce, muhawara za ta gyara ta. Ta lissafi idan ta kauce, alamar ɗebewa take sa wa a inda babu ita, kuma mai duba takarda ba zai san daga bakin wa kuskuren ya taso ba. Kafin mu buɗe ƙamus kuma, mu fara sauraron 'yan hatsi da direbobi da masu adashi da tsofaffin da suke auna rumbu da ido, domin dangantakar da y = mx + c take bayyanawa suna faɗinta kullum da Hausar da ba ta bukatar gyara.

Sakamako ya fito a watan Agusta. Auta ta sami C6, mafi ƙanƙantar kiredit, amma ya isa, kuma yanzu tana shekararta ta biyu a makarantar ungozoma. Ba zan ce Hausa ce ta ba ta ba, domin malamin lissafin nan ya fi ni haƙƙi, ita kuma ta fi mu duka. Littafin bitar yana hannuna. A shafin miƙaƙƙen layi, ɓangaren dama, akwai "gangara" an soke, akwai "karkata" an soke, dukkansu da rubutuna. A ƙarƙashinsu, da rubutunta, an sa: "abin da ke ƙaruwa ko raguwa a kowane taki ɗaya zuwa dama." Ya yi tsawo, bai cika sharaɗin taƙaitawa da na kafa a kundina ba, kuma har yanzu ina neman kalma ɗaya da za ta ɗauke shi ba tare da ta zubar da rabinsa ba. Duk wanda yake da ita cikin masu karatu, ina roƙon kafin ya aiko mini, ya fara gwada ta a kan ɗalibai.